Baƙin tabarau a ranar Idu: Abin da duhun gilashi ke ɓoyewa

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar jirgin ƙasa ta Idu da tsakar rana a watan Maris ya san cewa ranar Abuja ba kanwar lasa ba ce. Fili ne fetal, inuwa ta yi ƙaranci, kwalta da kankare da rufin kwanon masana'antu kowanne na watso haske cikin idon mai tafiya. Tun daga ranar 26 ga Yulin 2016, lokacin da aka ƙaddamar da jirgin Abuja zuwa Kaduna, wannan yanki da a da aka fi saninsa da masana'antu da rumbunan ajiyar kaya ya zama mashigar matafiya. Ya kuma zama wurin neman abincin direbobin tasi, da masu Keke Napep, da 'yan dako, da masu gadi, da leburorin gini da ke tahowa kullum daga Karmo da Gwagwa da Dei-Dei. Akasarin waɗannan bayin Allah a rana suke wuni. Saboda haka mai tallan tabarau, da allonsa a kafaɗa, ba ya rasa ciniki.

Yadda ake cinikin kuwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Mai saye zai zari tabarau ya ƙwama, ya ɗaga kai sama, ya cire ya gwada wani, har ya kai ga wanda ya fi kowanne duhu. Wanda ya mayar masa da azahar tamkar magariba shi ne mai ƙarfi a ganinsa, shi zai biya wa kuɗi ba ja-in-ja. Wannan ma'auni kuskure ne, kuma da ido ake biyan kuɗin kuskuren. Duhun gilashi yana rage ƙyallin da ke sa mutum ya runtse ido. Abin da ke cin ido a hankali cikin shekaru kuwa wani haske ne dabam da ba a ganinsa, kuma launin gilashi ba ya nuna ko an tare shi ko ba a tare ba. Bugu da ƙari, tabarau mafi duhu haɗari ne a fuskar direba, yaudara ne a fuskar mai walda. Ya kamata masu saye su sauya ma'auni, hukumomi kuma su daina kallon tabarau a matsayin kayan ado kawai.

Haske biyu a rana ɗaya

Masu sauraren rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango. Haske ma yana da nasa zangon, ana kuma auna shi da nanomita. Wanda idon ɗan Adam ke gani yana tsakanin nanomita 400 zuwa 700, ko kusa da haka. Wanda zangonsa bai kai 400 ba ido ba ya ganinsa, shi ne masana ke kira UV. Sun kasa shi uku: UVA daga 315 zuwa 400, UVB daga 280 zuwa 315, sai UVC daga 100 zuwa 280. Sararin samaniya yana shanye UVC gaba ɗaya, yana shanye mafi yawan UVB, amma ragowar UVB da kusan dukkan UVA suna isowa doron ƙasa. Ba su da launi, kuma fata ba ta jin su a matsayin zafi, shi ya sa sanyin hunturu ko lumshin damina ba sa nufin an tsira daga gare su. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce har kashi 80 cikin 100 na wannan haske na iya ratsa gajimare mara kauri.

Abuja tana kan kusan digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana kan tsaya daidai tsakar ka. A ma'aunin ƙarfin UV da duniya ke amfani da shi, ana shawartar mutum ya fara neman kariya daga mataki na 3, mataki na 11 zuwa sama kuwa shi ne ƙololuwa. A ƙasashen da ke wannan layi, kaiwa 11 da tsakar rana idan sama ta washe abu ne da aka saba.

Ɓarnar da wannan haske ke yi wa ido iri biyu ce: ta gaggawa da ta sannu. Ta gaggawa ita ce ƙunar fatar gaban ido, wadda masu walda suka fi kowa saninta. Ta sannu kuwa ita ce ta tara-tara. Akwai tsiron nan na jan nama da ke tasowa daga gefen farin ido ta wajen hanci, ya riƙa rarrafe zuwa tsakiya, wanda ya fi yawa a ƙasashe masu rana da ƙura da iska, a kuma idanun manoma da masunta da masu aikin titi. Akwai kuma yanar ido. A 1988 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Hugh Taylor suka wallafa sakamakon nazarin da suka yi kan masunta 838 a gaɓar Chesapeake ta Amurka, inda suka gano cewa idan adadin UVB da ido ya sha a rayuwa ya ninka, haɗarin kamuwa da wani nau'in yanar ido yana ƙaruwa da kusan kashi 60 cikin 100. WHO ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 15 ne yanar ido ta makantar a duniya, kuma kusan kashi 10 cikin 100 na wannan adadi na iya kasancewa sanadin hasken UV.

A nan gida, binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum kusan miliyan 1.13 a lokacin, kuma yanar ido ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makantar. Adalci ne a faɗi cewa tsufa ne babban dalilin yanar ido, sai ciwon sukari da shan taba da wasu magunguna. Rana kaso ɗaya ce a cikin dalilan. Sai dai ita ce kason da ya fi sauƙin ragewa, domin babu mai hana tsufa, amma ana iya tare haske da abin da bai kai kuɗin buhun siminti ba.

Lokacin da duhu ya zama tarko

Allah Ya yi wa ido nasa masu gadi. Gira da ƙashin goshi suna yi masa rumfa. Idan haske ya yi yawa fatar ido kan tsuke, ɗan baƙin ramin da ke tsakiyar ƙwayar ido, wanda shi ne tagar da haske ke shiga, shi ma ya ƙanƙance. Waɗannan masu gadi hasken da ake gani ne ke tashe su. Da zarar an ɗora baƙin gilashi, sai ido ya ɗauka yamma ta yi: fatar ido ta saki, tagar ta buɗe, mutum ya daina neman inuwa domin ya daina jin damuwa. Idan gilashin yana tare UV, babu laifi. Idan kuwa rini ne kawai aka yi wa roba, to an sallami masu gadi an bar ƙofa a buɗe. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Abin da ke tare UV sinadari ne mara launi da ake haɗawa cikin gilashin ko a shafa a bayansa, ko kuma irin robar da aka ƙera shi da ita. Robar folikabonet, alal misali, tana shanye kusan dukkan UV ko da fara ce tas kamar ruwa. Wannan ne ya sa farin tabaran likita na iya kare ido fiye da wani baƙi wuluk da aka saya a bakin titi. Rubutun UV400 da ake gani a jikin wasu tabarau yana nufin gilashin na tare duk hasken da zangonsa bai wuce nanomita 400 ba, wato UVA da UVB baki ɗaya.

Nan ne matsalar kasuwa take. Takardar UV400 kowa na iya buga ta ya manna. Tsada ma ba hujja ba ce, domin akwai tabarau masu araha da ke tare UV sarai, akwai kuma jabun manyan sunaye da ake sayarwa da tsada ba su tare komai yadda ya kamata. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan ciniki kam ido bai san kima ba, domin abin da ake son aunawa ba ya ganuwa. Mai tallan da kansa bai sani ba. Shi ma a sari ya ɗauko, da takardar a manne.

Rukunai biyar, da wanda bai dace da titi ba

Duhun tabarau yana da ma'auni na duniya, wanda ke cikin ƙa'idar ISO 12312-1. An kasa gilashin rukuni biyar gwargwadon hasken da yake bari ya wuce. Rukuni na 0 yana barin fiye da kashi 80 cikin 100. Na 1 yana barin kashi 43 zuwa 80, na 2 kashi 18 zuwa 43, na 3 kashi 8 zuwa 18. Rukuni na 4, wanda shi ne mafi duhu, kashi 3 zuwa 8 kacal yake bari. An tanade shi ne don masu hawa tsaunukan ƙanƙara, da masu ratsa sahara, da masu aiki a tsakiyar teku, wuraren da haske ke dukan ido daga sama da ƙasa lokaci guda. Sabuwar ƙanƙara na iya mayar da har kashi 80 cikin 100 na UV da ya sauka a kanta, busasshen rairayi kusan kashi 15, ciyawa da ƙasa kuwa ƙasa da kashi 10. Idu, duk da zafinta, ba ta kai waɗancan wurare ba. Rukuni na 3 ya wadatar da mai yawo a ranar Abuja.

Ƙa'idar ta fito fili ta ce rukuni na 4 bai dace da tuƙi ba, ko da rana tsaka, kuma dole ne a rubuta wannan gargaɗi a jikinsa. Ta kuma ce duk gilashin da bai bar kashi 75 cikin 100 na haske ya wuce ba, kada a yi tuƙi da shi da magariba ko da dare. Dalilin a bayyane yake. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Direban da ya fito daga rana ya shiga ƙarƙashin gada, ko ya bi inuwar tirela, da gilashin da ya riga ya kwashe kashi 95 na haske, zai yi 'yan daƙiƙu yana tuƙi bisa tsammani. A cikin waɗannan daƙiƙu ne yaro mai tallan ruwan leda ke tsallaka titi. Idan motar ma mai baƙin gilashi ce, duhu ya hau kan duhu. Idan direban ya manyanta, idonsa ya fi jinkirin sabawa da sauyin haske.

Wannan ba ya nufin direba ya tuƙa da ido tsirara. Idu tana yamma da tsakiyar birni, don haka wanda ya tashi daga can da safe zuwa Jabi ko Wuse rana yake fuskanta, idan ya juyo da la'asar ita zai sake fuskanta. Irin wannan direba yana buƙatar tabarau ƙwarai, amma na rukuni na 2 ko na 3, mai ruwan toka ko ruwan ƙasa. Ruwan toka ba ya sauya launin abubuwa, ciki har da fitilun ba da hannu. Ruwan ƙasa yana ƙara fito da siffar abubuwa, abin da ke da amfani a hazon hunturu. Akwai kuma gilashi mai kashe ƙyalli, wanda ke yanke walƙiyar da ke tasowa daga jiƙaƙƙen titi da bayan mota. Yana taimakon direba sosai, sai dai kashe ƙyalli dabam, tare UV dabam, dole a tabbatar da kowanne.

Mai walda da tabaran gayu

A yankin masana'antu irin Idu, da gefen hanyoyin Karmo da Dei-Dei inda ake ƙera ƙofofi da tagogi da tankuna, akwai wani amfani da baƙin tabarau da ya fi kowanne muni. Sau da yawa za a ga mai walda ya durƙusa a kan ƙarfe, wuta na tartsatsi, abin da ke fuskarsa tabaran gayu ne. Yaron shagon da ke riƙe masa ƙarfen ko wannan ma ba shi da shi, kawar da kai kawai yake yi.

Wutar walda ta lantarki tana fitar da UVA da UVB har da UVC, wanda daga rana ba ya isowa ƙasa, kuma tana fitar da su ne a tazarar kamu biyu daga fuska. Gilashin walda yana da tasa lambar duhu, kuma waldar lantarki ta yau da kullum tana buƙatar lamba 10 zuwa 13. Gilashi mai lamba 10 bai barin ko kashi 2 cikin 10,000 na haske ya wuce. Tabaran rana mafi duhu, mai barin kashi 3 cikin 100, yana barin fiye da ninki 200 na wannan. Ga shi a buɗe ta gefe da ƙasa, ga shi ba ya kare fatar fuska, ga shi ba a yi shi don ya jure ɓarɓashin ƙarfe mai zafi ba.

Sakamakon ba ya zuwa nan take, abin da ke ƙara ruɗar masu sana'ar ke nan. Sai bayan awa 6 zuwa 12, galibi cikin dare, mutum ya farka kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba, ba ya iya kallon ko fitilar waya. Yawanci ciwon kan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai a ɗauke shi a matsayin gajiyar sana'a. Wasu su ɗiga ruwan sukari, wasu nonon mai shayarwa, wasu su sayi maganin ɗigawa a kemis ba tare da ganin likita ba, alhali fatar idon a kwaile take, ƙwayar cuta na iya shiga ta bar tabo na har abada. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa masu masana'anta samar da kariyar ido ga ma'aikatan da ke ayyukan da ke barazana ga ido. Ƙananan shaguna da sufeto ba ya kaiwa gare su kuwa, nauyin yana wuyan maigidan shago da ƙungiyar masu sana'a. Wanda ya karɓi ɗan wani koyon aiki, amanar idonsa ma ya karɓa.

Waɗanda duhun ya wajaba gare su, da waɗanda yake ɓoye wa cuta

Akwai mutanen da tabarau mai tsananin duhu magani ne a gare su. Zabaya, waɗanda idanunsu ba su da isasshen launin da ke tace haske, suna shan wahalar rana fiye da kowa, kuma yaro zabiya da ba shi da tabarau da hula karatunsa ma kan samu tangarɗa. Haka wanda aka yi wa aikin ido kwanan nan, da mai wasu cututtukan bayan ido. Irin waɗannan likita ne ya kamata ya zaɓa musu, ya kuma gaya musu inda za su sa da inda za su cire.

Akasin haka, akwai masu fakewa da baƙin tabarau su guje wa asibiti. Idon da ya yi ja, yana ciwo, ba ya son haske, saƙo yake aikawa: yana iya zama gyambo a fatar gaban ido, ko kumburi a cikinsa, ko hawan jinin ido da ya taso gadan-gadan. Idan ƙin hasken ya haɗu da zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya, musamman a bazara, sanƙarau ake tsoro, kuma wannan ba ya jiran gobe. Rufe irin wannan ido da baƙin gilashi rufe tukunya ne tana tafasa. Likitocin ido suna kuma gargaɗin cewa yawan sa baƙin tabarau a cikin ɗaki yana sa ido ya saba da duhu, ƙin hasken ya ƙaru. Masu wannan larura suna da wuraren zuwa: asibitocin gwamnati da ke Abuja, da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda jirgin Idu ke kai mutum kusa da ita, da asibitin ido na ECWA da ke Kano.

Sai yara. Kowace Sallah iyaye kan haɗa wa 'ya'yansu kwalliya da tabaran roba masu launi, a kuma sake su yawon Sallah da rana tsaka. Madubin cikin idon yaro ya fi na babba haske, don haka ya fi barin UV ya wuce zuwa bayan ido. Tabaran wasa da ba a san abin da yake tarewa ba, hula mai baki ta fi shi amfani. Haka kuma babu tabaran rana, komai duhunsa, da ya isa a kalli rana da shi kai tsaye. Waɗanda suka shaida husufin ranar 29 ga Maris 2006, wanda duhunsa ya ratsa arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar, za su tuna gargaɗin da aka yi ta yi a lokacin. Gilashin kallon husufi yana da tasa ƙa'idar dabam, kuma ya fi tabaran rana duhu sau dubbai.

Abin da mai saye zai duba

Na farko, shaidar tare UV, wato UV400 ko kashi 100 na UVA da UVB, daga wurin da za a iya komawa a yi ƙorafi. Shagunan tabarau da dama suna da ƙaramar na'urar da ke auna wannan cikin daƙiƙu, kuma wanda ya riga ya sayi nasa a titi yana iya kai shi a gwada. Akwai kuma gwajin gida: 'yar tocilan nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, idan aka haska takardar naira ta cikin gilashin kuma ɓoyayyun alamominta suka yi ƙyalli, to UV na wucewa. Gwajin yana kama na banza, amma ba ya tabbatar da na kirki.

Na biyu, lambar rukuni. Na 3 don yawo a rana, na 2 ko na 3 don tuƙin rana, na 4 a bar wa wanda likita ko aikinsa ya wajabta masa, babu ko ɗaya da dare.

Na uku, siffa, wadda masu saye suka fi mantawa da ita. Likitan ido ɗan Ostireliya Minas Coroneo ya nuna cewa hasken da ya shigo ta gefen ido yana lanƙwasawa ya taru a gefen hanci da ƙarfin da ya kai kusan ninki 20, a daidai wurin da tsiron naman nan ke fitowa. Wani bincike da aka yi a Kanazawa ta Japan, aka wallafa a 2011, ya kuma gano cewa a watannin da rana ke yin sama sosai, ido ya fi shan UV da hantsi da kuma bayan azahar, lokacin da hasken ke zuwa a karkace ya kuɓuce wa rumfar gira. Don haka ƙaramin gilashi baƙi ƙirin da ya zauna a kan karan hanci bai kai babba mai matsakaicin duhu da ya zagaye fuska ba. Na biyun yana kuma tare ƙurar hunturu, abin da ɗan acaɓa zai fi kowa godewa.

Na huɗu, ingancin gilashin. A riƙe shi nesa da fuska, a rufe ido ɗaya, a kalli wani miƙaƙƙen layi kamar gefen ƙofa, a motsa shi a hankali. Idan layin ya riƙa lanƙwasa, gilashin zai jawo ciwon kai da kuskuren auna tazara.

Na biyar kuwa ba a shagon tabarau ake sayensa ba. Bincike ya nuna hula mai faɗin baki tana rage kusan rabin UV da ke isa ido. Manomin Hausa da makiyayin Fulani sun daɗe da wannan ilimi a cikin malafa. Leburan da ba shi da kuɗin tabarau mai inganci, malafa ta fi masa jabu.

Nauyin da ke kan hukuma

Za a iya cewa a ƙasar da ake fama da tsadar abinci da jabun magunguna, batun tabarau ƙarami ne. Amma mutumin da ya makance yana da shekara 55 ba shi kaɗai ya fita daga kasuwa ba, har da yaron da za a cire daga makaranta ya zama ɗan jagora. Za a kuma iya cewa duk wata sabuwar doka kan mai talla za ta ƙare, a ƙwace allonsa, a karɓi na goro. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa bai kamata a fara daga titi ba. Kusan duk tabaran da ke allon mai talla shigo da su aka yi, don haka a tashar jiragen ruwa da rumbun ɗan sari ya kamata a tsaya.

Wasu ƙasashe sun daɗe da yin haka. Ostireliya ta fitar da ƙa'idar tabaran rana tun 1971, ta kuma mayar da ita wajibi a 1985. A Tarayyar Turai ana lissafa tabaran rana cikin kayan kare lafiyar jiki, ba a sayar da shi sai da alamar cika ƙa'ida da lambar rukuni. Ranar Najeriya ta fi ta Turai ƙarfi, kuma ƙasar tana da hukumomin da aikin ya shafa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su, ya kamata ta tabbatar kowane tabarau yana ɗauke da lambar rukuni da gargaɗin tuƙi, ta riƙa ɗibar samfuri daga kasuwanni tana gwadawa tana bayyana sakamako. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana da hurumin bin wanda ya manna UV400 na ƙarya. Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, tana iya sa batun rukuni na 4 da tuƙin dare cikin wayar da kan da take yi a tashoshin mota. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, da gidajen rediyon Hausa suna iya haɗa matakin UV na kowace rana da rahoton zafi da ruwan sama, a harshen da ɗan dako zai fahimta.

Ƙungiyoyin likitocin ido da masu gwajin ido su ma suna da dama a hannu. Ranar Gani ta Duniya tana faɗowa a Alhamis ta biyu ta kowane Oktoba, gab da shigowar rani. Tebur ɗaya da na'urar awo a harabar tashar Idu ko kasuwar Karmo, inda kowa zai miƙa tabaransa a gwada kyauta a gabansa, zai yi aikin da lacca goma ba za ta yi ba, domin gani ya kori ji. Masu tallan ma a gayyace su su kawo allunansu. Wanda aka gwada kayansa aka same su da kyau ya samu abin tallatawa, wanda aka samu nasa jabu ya san ɗan sarin da zai daina zuwa wurinsa. Kamfanonin gini da na tsaro da ke yankin, waɗanda ke raba wa ma'aikata hular kwano da takalmi, su ƙara da tabarau mai tare UV, su kuma bai wa masu walda cikakkiyar garkuwar fuska.

Kafin duk wannan ya tabbata, mai saye yana da tambayoyi uku da zai yi kafin ya zaro kuɗi: shin gilashin yana tare UV, wane rukuni ne, kuma ya rufe gefen ido? Wanda zai hau titi ya ƙara ta huɗu, ko zai iya hango mai tsallakawa a inuwar gada da shi. Tabaran da ya kasa amsa waɗannan a mayar da shi kan allo, komai kyansa a madubi.